Guzurin Kwana Bakwai

Buhun yana kaina, mai yana tsattsafowa ta ƙasanshi yana bin ƙeyata, na sa ƙafa zauren gidanmu na Ƙofar 'Yandaka ke nan zan yi sallama, sai na ji muryar Gwaggo daga tsakar gida. Da maƙwabciyarmu take magana. Tana ce mata ai ita ta yi bakance, kullum azumi za ta yi har ran da jirgin yaron nan zai sauka Landan, kuma Babana ya ce kwana bakwai ne in ba a samu tsaiko ba.

Babana ni ne. Sunan mahaifinta aka sa mani, shi ya sa take kirana haka. Buhun da ke kaina kuwa guzurin yaron nan ne, wanda ya kamata a ce yana cikin jirgi tare da shi. Shi kuma yaron nan, a daidai lokacin, na tabbata ya riga ya sauka, ƙila ma har ya wanke ƙafa ya sha shayi.

Na haɗiye sallamata, na ja da baya a hankali, na fito waje kamar ɓarawon da ya tarar masu gida ba su yi barci ba.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami. Wanda take ce ma yaron nan ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunanshi, ba ta zama su yi hira, ko kallon kirki ba ta yi mashi gaban mutane. Ni take wasa da ni, ni take zagi, ni take ajiye ma ƙanzo. Shi taubashina ne, kuma sa'ana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana ne, tun muna yara haka nake kiranshi, shi kuma ya ce mani ubangida marar ko tabarma. Rana ɗaya aka sa mu makaranta. Shi ya zauna. Ni benci cizona yake, ina aji biyar na tsallake taga na bi wata gingimari, daga nan na zama yaron mota. Albasa da wake muke ɗauka daga Babbar Kasuwa mu kai Ikko, mu dawo da siminti ko kwanon rufi, don a shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo kowa gini yake.

A gida, duk abin da aka rasa sani shi ake jira. Maganin asibiti, shi zai karanta. Rediyo ta faɗi wani abu, shi zai fassara. Ni abu ɗaya aka bar mani, hanya. In aka ce wani ya tafi Badun ko Gwambe, ni ake tambaya yaushe zai isa, ina zai kwana, ruwan ina ne ba a sha. Wannan ɗin nawa ne, ba wanda ya taɓa ja da ni a kai.

Sai ga shi an kira shi Kaduna, ya dawo da takarda, wai gwamnati za ta kai shi Landan karatu. Bawana. Wanda ko Zariya bai taɓa zuwa ba sai da takardar makaranta a aljihu, wanda in ya shiga mota kafin a kai Kankiya ya fara amai. Ni da na san kowane rami tsakanin Tegina da Makwa, na kwana gindin taya a gadar Jaba sauro na cina, ba wanda ya taɓa zuwa yi mani Allah-sanya-alheri. Shi kuwa kwana da kwanaki zaure cike da takalma.

Wata rana da yamma muna cin tuwo a tsakar gida, Gwaggo tana daga bakin murhu, ta tambaya, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce tafiyar nan kwana nawa ce, don ta san irin guzurin da za ta yi. Kafin in buɗe baki ya ce ai awa shida ne da 'yan mintoci, daga Kano zuwa can, kuma a jirgi ake ba da abinci, kada ta wahalar da kanta.

Da ya bari na fara magana, ƙila da ban kai abin inda na kai shi ba. Amma ya shigo mani gona da takalmi. Na ajiye loma na yi dariya. Na ce mata ta ji irin ta 'yan boko, komi aka rubuta masu a takarda sun hau. Na ce ni Ikko da ke cikin ƙasar nan kwana uku muke yi, in mota ta yi halin kirki. Ya ce ai Makka ma awa huɗu da wani abu ce a jirgi, a tambayi Hajiyar maƙwabta in ƙarya ne. Na ce yawwa, nan nake jiranka.

"Gwaggo, Makka ai kusa ce, tunda kakanninmu da ƙafa suka je suka dawo. Wa kika taɓa ji ya je Landan da ƙafa?"

Ta ci gaba da juya muciya. Na ga maganar ta shige ta. Na ƙara da cewa sai an ƙetare Sahara kaf, a ƙetare teku, a ƙetare ƙasashen da ba a kiran salla, kuma ba injin da zai yi wannan bai tsaya ya sha ruwa ya huce ba. Abincin jirgi kuma, wa ya yanka? Na lissafa da yatsu na ce mako guda, a ƙalla. Kuma ni a raina ban ɗauka ƙarya nake ba. Na ƙara gishiri, i, amma awa shida ba ta zauna mani a kai ba ko kaɗan.

Ya buɗe baki zai yi gardama, Gwaggo ta ce, tana kallon tukunya, wanda ya taka hanya shi ya san hanya. Shi ke nan. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Abin da ban zata ba shi ne irin guzurin. Kajinta da take ji da su, waɗanda ko baƙo ya zo sai ta yi dogon tunani, ta sa aka yanke su duka. Ta aike ni kasuwa na sawo cinyar sa, ta yi dambun nama cike da langa biyu. Ta yi soye ta zuba a gwangwanayen madara ta tsiyaya mai a kai. Ta yi dakuwa, ta yi nakiya, ta kira mai alkaki har gida. Ta daka yaji da kanta, irin nata mai kimba da masoro, ta ƙi bari kowa ya taɓa taɓaryar. Ta shanya fura ta mai da ita gari. Kullum ni take tambaya, wannan zai kai kwana bakwai bai lalace ba? Ina amsawa ina jin kishi. Ni duk zuwana Ikko, abin da na sani ƙuli-ƙuli ne a ƙullin tsumma da Allah ya kiyaye hanya. Ashe matar nan da ba ta iya kallon ɗanta, jira take ta samu inda za ta zuba abin da ke cikinta, ni kuma na buɗe mata ƙofa da bakina.

Shi kuwa bawana ya bar gardama. Yana ganin ana ɗura kaya a buhu, sai ya dube ni ya girgiza kai. Ni na ɗaure buhun, ɗaurin 'yan mota, wanda ko an jefo shi daga saman bodi ba ya kwancewa. Ni kuma aka ce in raka shi Kano, tunda ni na san hanya.

Mun kwana Fagge wajen wani mutumin ubangidana mai mota, da safe muka tafi filin jirgi. Nan na fara shakkar lissafina. Mutane na ta shigowa da 'yan jakunkuna kamar masu zuwa ɗaurin aure Daura. Wani Alhaji da ke gabanmu a layi, hularshi a karkace, ba abin da ya riƙe sai ƙaramar jakar hannu da carbi. Ya dubi buhunmu ya tambaya ko ƙaura za mu yi. Da ya ji bayani ya yi dariya har yana riƙe kafaɗata, ya ce shi sayayya za shi, ran Juma'a ma a Kano zai yi salla, kuma in Allah ya so kafin la'asar suna can. Ya faɗa ne kamar mai cewa za shi Jibiya.

Aka ɗora akwatin bawana a sikeli, ya wuce. Aka ɗora buhu, allurar ta tafi ta kwanta. Ma'aikacin ya ce nauyi ya yi yawa nesa ba kusa ba, kuma ko an biya, can ba za su bari a shiga da nama ba. Bawana ya ja ni gefe. Na shirya ya yi mani dariya, da na fi son haka, don ina da amsa. Bai yi ba. Ya sa na kwance bakin buhun, ya zaro ƙullin yajin kawai ya sa a aljihun kwat, ya ce sauran in san yadda zan yi da shi, amma kada Gwaggo ta ji cewa bai tafi da shi ba.

"Ubangida, kai ka ɗaura, kai za ka kwance," ya ce. Ya miƙo mani hannu, ya shige.

Na tsaya bayan waya da buhuna har jirgin ya tashi da hantsi. Na bi shi da ido, ya yi ƙanƙane, ya ɓace ta wajen arewa, ta wajen garinmu. Wato kafin in kai tasha ya wuce Katsina.

Motar da na samu kuwa kamar da gayya. A Bici taya ta fashe. A Tsanyawa ta ɗauki zafi, muka zauna gindin kuka direba na zagin yaronshi, ni ma na tuɓe riga na shiga ƙarƙashi, don hannuna ba ya iya gani ya ƙyale. Da aka kira la'asar muna Kankiya. Ina alwala na ɗaga kai na dubi rana, na tuna maganar Alhajin nan. Ya ƙetare Sahara, ya ƙetare teku, ya ƙetare duk ƙasashen da na lissafa ma Gwaggo da yatsu, ni ban gama Kano zuwa Katsina ba. Na yi sallar nan ban san mi na karanta ba.

To, shi ne na iso gab da magariba na ji zancen bakance.

Na kai buhun shagon wani abokina tela a bakin kasuwa, muka tura shi ƙarƙashin tebur muka rufe da ƙyallaye. Na wanke ƙeya na koma gida hannu biyu. Na tarar Gwaggo ta sha ruwa tana zaune kan tabarma. Na ce mata komi ya tafi daidai, an sa buhu a wuri mai kyau kusa da ƙafarshi. Ta ce madalla. Sai ta tambaye ni, a lissafina, yanzu suna ina.

Na ce Agadas za su kwana.

Ban san daga ina ta fito ba. Amma da na ga yadda ta gyara zama, maƙwabciya ma ta matso, sai bakina ya buɗe. Na ba su labarin yadda ake saukar da jirgi a huta, yadda ake duba tayoyi, yadda fasinja ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin fiffike. Duk abin da muke yi a Tegina na kwashe na kai Agadas. Tun da nake gidan nan ba a taɓa saurarena haka ba.

Kashegari ma haka. Da rana in je shagon tela, mu da 'yan majalisa mu buɗe langa. Dambun nan, wallahi ban taɓa cin irinshi ba, kuma kowace loma da haushi nake kai ta. Ina ci ina cewa a raina, wannan ta Makwa ce da ba a yi mani ba, wannan ta Jaba ce. Da yamma in dawo in ce sun shiga tsakiyar Sahara, gobe sai bakin teku. Na riƙa ce ma kaina azumin kwana bakwai ai ba kisa ba ne, lada ma za ta samu.

Sai dai bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, kuma Gwaggo tana da gyambon ciki, ko azumin farilla da dabara take kai shi. A rana ta uku na shigo da azahar ɗaukar riga, na tarar da ita zaune bakin rijiya, guga a gefe ya kife, ta jingina kai da bango, leɓunanta sun yi fari. Na kira ta, sai a na biyu ta buɗe ido. Ta ce jiri ne kawai. Na ce ta sha ruwa. Ta ce ta yaya, yaro na tsakanin sama da ƙasa, ita ta yi ma Allah alkawari, saura kwana huɗu.

Na kama ta na kai ta inuwa. Na tsuguna gabanta ina ta neman wata hanya da za ta fisshe mu mu biyu. Na ce mata na ji a tasha wai jirgin da suka hau sabo ne, irin wanda aka sawo da kuɗin fetur, ba ya tsayawa. Ta dube ni da idon nan nata ta ce ba ni ne na ce sun kwana Agadas ba? Na ce ƙila iska ta taimaka masu. Ta rufe ido. Na gane muddin ina kare maganata, ba za ta sha ruwan nan ba, don maganar tawa ce take azumi a kai.

"Gwaggo, ya sauka. Tun ran da na dawo ya sauka, kafin ma in shigo garin nan. Awa shidan da ya faɗa, ita ce."

Ta buɗe ido ta dube ni. Na ɗebo ruwa a moɗa na riƙe. Sai ta tambaya ko na tabbata, ko wannan ma lissafina ne. Na ce ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne da ke zuwa kamar kasuwar ƙauye. Da ta ji ba nawa ba ne, ta karɓi moɗar ta yi bisimilla.

Ba ta zage ni ba, ita da ke zagina a kan ƙaramin abu. Da ta dawo hayyacinta ta tambayi guzuri. Na ce ya tafi da shi, yana can yana ci a hankali. A nan dai na riƙe mashi amana. Ta gyaɗa kai, ta ce to ai gara, ƙasar baƙi ce. Can kuma, kamar mai magana da kanta, ta ce ashe Landan ɗin ma nan ce kusa, ashe Ikkon Babana ta fi ta nisa. Ta dafa kaina ta ce sannu, kai ne mai wahala.

Da ta mare ni da ya fi mani. Na so a ce na fi shi sanin duniya, aka ce na fi shi wahala.

Bayan 'yan kwanaki maƙwabciya ta shigo tana tambayar tafiyar ɗanta da za shi Maiduguri, kwana nawa ce. Ina zaune a wurin ina ɗinke takalmi. Gwaggo ta ce mata ta aika tasha a tambayo. Ba da wata manufa ta faɗa ba, ta ma ci gaba da tankaɗe. Na ƙarasa ɗinkina na fita. Langunan da gwangwanayen na bar ma tela, har yau ban san inda suka ƙare ba. Jibin ranar muka yi lodi, na hau saman albasa, kuma duk jirgin da ya gitta mu a hanya sai na bi shi da harara har ya ɓace.

Da na dawo daga Ikko na ji wani ɗan ajin su bawana zai bi bayanshi, shi ma karatu. Na same shi a ƙofar gidansu. Ya ce in rubuta ya kai. Na ce a'a, ba zan ba bawana abin dariya da rubutuna ba, da baki zan faɗa, shi da yake da ƙwaƙwalwar boko ya riƙe. Na sa ya maimaita har ya zauna mashi. Ga abin da na ce:

"Ka ce ma bawana ubangidanshi na gaishe shi. Ka ce mashi tsohuwa lafiya lau, ta yi mashi azumi biyu da rabi, ya san da wannan ko ba za ta taɓa faɗa mashi ba. In zai rubuto, ya ce dambu ya yi daɗi kuma bai ƙare ba, kada ya yabi alkaki da yawa don ya ɗan ƙone. Ka ce mashi awa shidan tashi na ji, ba sai ya maimaita ba in ya dawo, kuma zama kan kujera ana kawo maka abinci ba tafiya ba ce, aike ne. Sannan ya tambayar mani, a hankali, ba gaban mutane ba, ko masu jirgin nan suna ɗaukar yara. Ya ce masu na iya ɗaurin kaya, ina jure yunwa, kuma ni ba ni amai."